A Kan Gwiwoyina Godiya Ta Zo

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa! Ni ce Rifkatu matar Bulus. Ku dubi abin da na goyo!

Kun san ni da fargaba. Ɗana na fari a gida Najeriya na haife shi, kwance a gadon asibiti, bai zo da rai ba. Da na sami wannan cikin a nan garin Sabha da muka zo ci-rani, kullum ina tambayar kaina: yaushe ake yunƙuri? In na yi da wuri fa? In na makara fa? Na ƙudura zan kwanta rigingine, ba zan motsa ba, kada in yi kuskure.

Naƙuda ta kama ni da rana tsaka a ɗakinmu na unguwar Mahdiya. Bulus yana unguwar Jadid wajen aikin ɗaukar bulo, wuta ta ɗauke, ga shi ba mu da takardun zama, ina tsoron 'yan sandan hanya, ban iya fita asibiti ba. Maƙwabciyarmu Inna Mariyama, ungozoma ce daga Damagaram, ta shigo ta same ni shimfiɗe.

Ta ce, "'Yata, tashi ki durƙusa, ki kama ƙarfen tagar nan."

Na ce, "Inna, ba haka aka yi mini a asibiti ba."

Ta ce, "To, yi ta kwanciya kamar matar gwamna! Yaron nan hawa kike sa shi, shi kuwa gangara yake nema."

Na ƙi. Ƙarfina yana ƙarewa, ɗa bai sauko ba. Na ga zan sake rasawa.

Sai na ce ko mutuwa zan yi, sai na yi addu'a tukuna, ni kuwa ban taɓa roƙon Ubangiji a kwance ba. Na mirgina, na durƙusa, na riƙe tagar. "Yesu, ban iya ba, ka karɓa!"

Ban kai Amin ba! Wani nauyi ya gangaro, jikina da kansa ya yi yunƙuri, ba wanda ya ba ni umarni. Inna tana cewa, "Yawwa! Bi shi, kar ki tashi!" Sai kuka! Kukan jaririya, 'yan'uwa! Halleluya!

Washegari mai gidan hayarmu ya kai mu asibiti, aka duba mu, lafiya lau.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna. Masu tsoro irina, ku dogara gare shi. Ga ta nan, sunanta Godiya, ku zo ku ɗauke ta. Amma a tallafe mata wuya, don Allah!