Gudu da Baya Har Bakin Hanyar Makka

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Iyaye, dattawa, 'yan'uwa, na gode da kuka ba ni wannan fili. Sunana Ishaku. Waɗanda suka san ni ina yaro a Wusasa za su tuna ɗan siririn nan mai dogayen ƙafafu da ba ya zama wuri ɗaya. To ni ne, ƙiba ce kawai ta ɓoye ni.

Babana Kirista ne, mahaifiyata Musulma. Ina ɗan shekara bakwai suka rabu, sai yayanta da ke zaune a Makka ya aiko aka tafi da ita. Ranar tafiyar, gwaggona ta riƙe hannuna tana jana gida daga tasha, ni kuwa na ƙi juyawa. Tafiya nake da baya da baya don kada motar ta ɓace mini. Inna ta leƙo ta taga ta daka mini tsawa: "Ishaku, juya! Ban hana ka tafiya da baya ba? So kake in mutu?" Kun san camfin nan da ake tsorata yara da shi, wai mai tafiya da baya uwarsa yake kira wa mutuwa. Na juya da sauri don tsoro. Ko da na sake waigawa, babu motar.

Ku ji ikon Allah, ashe gudu da baya ne zai zama sana'ata!

Ƙwallon kwando ce ta kai ni wata sakandare a Amurka. A can wani koci ya ga guduna, ya ce in zo in gwada tasu ƙwallon, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Ya sa ni mai tsaron baya. Aikin shi ne, akwai wanda zai sheƙa a guje a jefo masa ƙwallo, kai kuma ka hana shi cafewa. Kana fuskantarsa, kana gudu da baya, idonka a kan ƙugunsa. Koci ya ce kada in kalli idon mutum ko kafaɗarsa, don suna yaudara, ƙugu ne ke nuna inda zai nufa. Na iya abin nan har jami'a ta ɗauke ni karatu kyauta. Na buga mata shekara huɗu. Ranar da manyan kulob ke zaɓen 'yan wasa ba a kira sunana ba, na sha kuka, amma daga baya wani kulob ya kira ni gwaji, ya riƙe ni.

Duk wannan lokacin ni da Inna sai waya. Ta yi aure a can, ta fara zama a unguwar Tandabawi tana sayar wa alhazai ƙosai da kunu, daga baya suka koma unguwar Shisha. Ta haifa mini ƙanwa, Samira, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Samira ce ke nuna mata wasannina a waya. Inna ba ta taɓa gane wasan ba. Takan ce, "Ya waladi, ɗana, kowa yana gudu gaba, kai kaɗai kake komawa baya. Har yanzu ba ka daina ba? To ga ni dai, ban mutu ba." Sai mu yi ta dariya. In na ajiye wayar kuma, sai dariyar ta ƙare. Ina kewar matar nan, 'yan'uwa. Ƙanshin man da take shafawa ma na manta, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Kun sani wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Ban taɓa jin haushin wannan ba, dokar garinsu ce. Shirinmu shi ne in sauka Jidda, ita kuma ta fito mu haɗu. Kullum ina cewa sai kakar wasa ta ƙare.

A kakar wasata ta uku gwiwata ta tafi. Aka yi aiki, likita ya ba ni ƙwayar kashe zafi. Gwiwa ta warke rabi da rabi, kulob ya sallame ni, takardar likita ta ƙare, amma ni ban gama da ƙwaya ba. Na koma saye a bayan fage. Da farko don ciwo nake sha, daga baya don in iya tashi daga gado. In na yi rabin yini ban sha ba, sai zufa, sai amai, sai jiki ya ɗauki rawa. Ina zuwa coci, ina rera waƙa, ƙwaya tana cikin aljihuna. Ina koya wa yaran wata makaranta gudu da baya, ina yi musu faɗa su tsare jikinsu. Kai, Allah ya yi haƙuri da ni!

A lokacin ne hanya ta buɗe, biza ta yi sauƙi, ga ni kuma ba wasa. Inna ta ce, "To yalla, taho mana, yanzu me ya rage?" Abin da ya rage ba zan iya faɗa mata ba. Saudiyya ba ƙasar da za ka shiga da irin ƙwayar nan ba takardar likita ba ce. In na ɗauka, kurkuku. In na bari, ba zan kai ƙarshen tafiyar jirgi a tsaye ba. Sai na shiga ƙirƙiro dalilai. Bana aiki ya yi yawa, baɗi fasfo, wata shekarar zafi. Shekaru suka yi ta wucewa ina ja da baya.

Wata ranar Asabar da hantsi, ina filin makaranta, Samira ta kira. Ta ce ƙodar Inna ta gaza, ana yi mata wankin jini. Sai ta ce, "Yaya, Ummi ta ce in gaya maka magana. Ta ce in don ta tafi ta bar ka ne ka ƙi zuwa, kana da gaskiya. In kuma don addini ne, shi ke nan, ta fahimta. Ka yafe mata kawai."

Wayyo! Uwata tana kwance tana neman gafarata, alhali ƙwaya ce ta tsare ni.

Ban san lokacin da na durƙusa a kan ciyawa ba, da gwiwar nan mai ciwo. Ban iya wata doguwar addu'a ba. Cewa na yi, "Yesu, ina so in ga uwata. Ka cire mini abin nan, ni na kasa." Na yi ta maimaitawa ina kuka. Da na tashi, wurin Mama Rifkatu na nufa, wata dattijuwa a zumuntarmu ta masu jin Hausa. Na zube mata ƙwayoyin a kan tebur. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, da ma na ga idonka ya sauya. Tashi mu yi addu'a, daga nan mu tafi asibiti. Allahn da ke jin addu'a shi ya ba likita ilimi."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na warke ba. Na sha wuya a gidan jinya, wuyar da ban taɓa sha a fili ba. Sau biyu ina haɗa kayana zan gudu. Amma duk lokacin da na kai ƙofa, sai in ji kamar an dafa kafaɗata. A can na kira Inna na faɗa mata gaskiya duka. Na zaci za ta yi faɗa. Sai na ji tana kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi, ashe ba ƙina kake yi ba." Ta ce duk ranar da ta samu ƙarfin zuwa Harami, sunana take fara kira. Ita tana roƙo a can, Mama Rifkatu tana roƙo a nan.

Ubangiji ya fisshe ni. Haleluya! Na sauka Jidda aljihuna babu komai sai fasfo.

Inna ba ta da ƙarfin doguwar tafiya, don haka muka shirya haɗuwa a wani wurin hutawar matafiya a hanyar Makka, kafin allon da ke nuna inda wanda ba Musulmi ba zai ratse. Samira ce ta tuƙo ta. Da aka buɗe ƙofar mota na ga 'yar tsohuwa ƙarama, wadda zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Ta kama fuskata tana shafawa, ta ce, "Wannan ƙaton ne Ishakuna?" Na sa kaina a kafaɗarta, sai ƙanshin man nan ya dawo mini. Ta zo mini da tuwo da miyar kuka a kula, ta tsare ni sai da na cinye. Ta ba ni labarin gidanta a Shisha, hawa na nawa ne, ina tagarta take kallo, har da maƙwabciyar da ke damunta da surutu. Ta ce tunda ba zan gani da ido ba, in gani da kunne.

Da la'asar ta gaji, dole su koma. Motar ta fara tafiya, ni kuma ban san na fara ja da baya ba, idona a kanta. Sai gilas ya sauka. Na jira tsawa. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yi abinka, ya waladi. Kada ka juya. Ni ma ina kallonka."

Ban juya ba har motar ta shige ƙarƙashin allon.

Bayan 'yan watanni Inna ta rasu. An binne ta a Makka, inda ƙafata ba za ta taka ba. Wani lokaci nakan rufe ido in hau benen nan na Shisha, in tsaya a tagarta. Kewar ba ta tafi ba, kuma ban roƙi Allah ya ɗauke ta ba. Amma uwata ba ta mutu tana zaton na ƙi ta ba. Wannan kaɗai ya isa in yi ta gode wa Yesu har ƙarshen raina.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ke cikin aljihunka da ya hana ka zuwa wurin wanda ke jiranka, kada ka ce sai baɗi. Ka kawo shi gaban Ubangiji yau, ka faɗa wa wani, ka dogara gare shi. Ni saura kaɗan in makara. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.