Sulke Mai Ƙara

An ce wasan labarin nan da ake jefa ƙwayar ludo sata yake koya wa yara. A bencin asibiti, wata tsohuwar malama da ta sha jin haka ta kasa kunne lokacin da wani direba ya tare wata mata mai riƙe da littafin wasan.

"Baiwar Allah, dodo ya kama jarumar 'yata. Yaya jarumina zai lallaɓo ta bayansa?"

"Da sulke? Malam, ko kurma sai ya ji ka. Dokar wasan ta ce sai ka tuɓe shi."

"In ya waiwayo fa?"

"Sara ɗaya, jaruminka ya mutu."

"Zan tuɓe. 'Yata tana kwance a ciki tana jirana mu ƙarasa wasan."

Malama ta gane babu sata a ciki. Uba ne ke shirin ceto 'yarsa.