Baba Ya Ƙi Shan Ruwa Don Kunyata

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Sunana Hadiza daga Garhanga, amma yanzu ina asibiti ina jinyar surukina. Maigidana yana Abijan cin rani, shi ya sa jinyar ta faɗo kaina.

Baba yana fama da ciwon daji a ƙafa. An yi mishi aiki, ana koya mishi tafiya da sanda. Likita ya ja mana kunne cewa maganin da ake ba shi mai ƙarfi ne, in bai sha ruwa sosai ba ƙodarsa za ta taɓu. Kullum sai in cika mishi gora, in na dawo in tarar babu ko ɗigo, ina ta murna.

Sai ga jikinsa ya kumbura, aka auna jini aka ce ƙoda ta fara gazawa. Maƙwabcin gadonsa ne ya tona asiri: ashe ta taga yake zubar da ruwan! Wai in ya sha fitsari zai kama shi, kuma ni matar ɗansa ce zan miƙa mishi tasar fitsari.

Na cire kunya na ce, "Baba, sai kunyata ta kashe ka?" Ya juya fuska bango ya ce, "Ɗiyata, ba a yin haka gidanmu."

Wallahi raina ya ɓaci. Ƙannensa maza sun zo dubiya, sun sha shayi, sun koma gida. Malam, mi zan yi? Ku kuma ƙannen Baba, na san kuna saurare. Ɗayanku ya zo ya riƙe wa yayansa tasar nan, ɗibar ruwa ku bar mini.