Gefen Titin Nan, Na Keke Ne Ko Na Shanya?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni tela ne a Shema, da keke nake shiga Dutsin-Ma sayen yadi. Wallahi tun ranar kasuwar da ta wuce hankalina bai kwanta ba.

Ina tafe a ɗan gefen kwaltar da muke raɓawa, sai na tarar an shanya barkono a kai, jawur, an kewaye shi da duwatsu. Ga tifa a bayana tana danna hon kamar za ta haɗiye ni. In na hau titi ta markaɗe ni, in na miƙe na taka abincin mutane. Na ja birki, taya ta daki dutse, sai ga ni kwance cikin barkonon, ido da hanci duk yaji.

Dattijon da ya yi shanyar ya taso a guje. Na ɗauka ni zai ɗaga, ashe barkononsa ya zo tattarawa. Ya ce, "Kai yaro, da gangan ka yi!" Na ce, "Baba, haba! Dubi tifar can mana!"

Malam, direba ya ce mu sauka gefe, mai shanya ya ce mu hau titi. Ban ce a hana manomi shanya ba, ni ma ɗan manomi ne. Amma 'yata da keken nan take zuwa makaranta.

Ina gaida teloli abokaina na Kurfi. Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara: gobe in ta ɗauki keken, ina zan ce mata ta bi?