Jakina Yana Cikin Littafin, Matata Ba Ta Ciki

Sallama gare ka mai gabatarwa, da fatan ka tashi lafiya. Ni ne Garba mai busasshen kifi daga Illo, ƙaramar hukumar Bagudo.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a wa'azi ya yawaita a masallacinmu, zancen godiya ga Allah kuwa ya shige ni. Sana'ata ba ta barin mutum ya zauna. Yau ina bakin kogi wurin masunta, gobe na tsallaka Benin da kaya. Sai na sayi ɗan littafi, kullum bayan La'asar in rubuta abu ɗaya da na gode wa Allah a kansa. Yau ƙwari ba su shiga kifi ba. Yau mai jirgi ya jira ni.

Makon jiya matata Hajara, wadda ke kyafe mini kifin, ta tsinci littafin a aljihun rigar da za ta wanke, ta karance shi tsaf. Da na dawo ta ce, "Maigida, har jakinka shina cikin littafinga. Ni da hayaƙi ke ci wa ido, ban ga sunana ba."

Na duba shafi-shafi, wallahi gaskiya ta faɗa. Na rubuta sunanta nan take, ta ce godiyar da aka roƙa ba ta so.

Masu sauraro, me ke sa mutum ya hango alherin nesa ya manta na cikin gidansa? Ku ba ni shawara.

Hajara, na san rediyon yana kusa da murhunki. Na gode.