Zoɓon da na ajiye wa Yakubu

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku duka. Sunana Rifkatu. Da yawanku kun sha ganin tabon nan da ke ƙarƙashin idona na hagu, kunya ta hana ku tambaya. Yau zan faɗa muku da bakina.

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, soja na mulki, ko'ina ana shimfiɗa kwalta, aka turo ni Sakkwato koyarwa a firamare. Maigidana Yakubu direba ne a wani kamfanin yin hanya, sai ya yi wata da watanni a daji ban sa shi a ido ba. Na kama ɗaki a unguwar Gawon Nama, ba uwa ba dangi, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba tukuna. In na taso daga makaranta sai in rufe ƙofa, daga ni sai bango. Ko a majami'a bencin baya nake zama, da an yi addu'ar rufewa in sulale, don ban san kowa ba.

Ana tsakiyar bazara wani direba ya kawo mini saƙo, wai Yakubu na zuwa ranar Asabar. Kai, ranar ko abinci na kasa ci don murna! Ina da wani babban filas mai zanen furanni da na saya a kasuwar Sabon Gari, irin mai gilashi a ciki. Na haɗa zoɓo da citta da lemun tsami da sukari, na juye kwalbar lemo mai gas a kai don ya ƙara daɗi, na jefa ƙanƙara, na danna toshiya, na murɗa murfi tam. Na ce mutumin da ya sha rana bari ya tarar da abu mai sanyi.

Asabar ta wuce bai zo ba. Lahadi shiru. Duk babbar motar da ta gifta sai na leƙa. Filas na kan tebur, na ƙi taɓa shi, ai nasa ne. Ashe ƙanƙara ta daɗe da narkewa, zoɓo ya yi tsami yana ta tara iska a ciki.

Can tsakiyar mako, da rana tsaka, na fid da rai. Na ce bari in zubar in wanke. Na sunkuya a kansa ina warware murfin. Wata ƙara kawai na ji kamar bindiga! Toshiyar ta doke ni a ido, gilashin ciki ya tarwatse mini a fuska. Na zube ƙasa, ban san wanne ne jini wanne ne zoɓo ba.

'Yan haya duk sun tafi aiki. Na yi ta kira, ba amsa. A nan kwance na ce, "Yesu, ba ni da kowa a garin nan. In kana ganina, ka aiko mini da mutum." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Sai ga murya ta bayan katanga: "Ke malama, mi ya faru? Mi na ji ya fashe?" Inna Hajo ce, wata dattijuwa mai sayar da gero a maƙwabtanmu, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta shigo ta kama hannuna. "Kar ki murza idon, ɗiyata, sake shi!" Ita ta tare tasi ta kai ni asibiti.

Likita ya cire ɓarɓashin gilashin, ya ce saura ƙiris ya shiga ƙwayar idon. Ya ce, "Malama, filas na shayi ne da ruwa. Abu mai gas, ko mai tsami da sukari, in aka toshe shi ya kwana a zafin nan, sai ya nemi hanyar fita."

Aka naɗe mini ido. Ina kwance ina jin ana kawo wa kowa kwanon abinci, ni kuwa sai furar Inna Hajo. Wata safiya na ji waƙar yabo tana tahowa a barandar asibiti, har ta tsaya bakin gadona. Matan zumuntar majami'armu ne. Ashe Inna ce ta yi ta tambaya har ta gano majami'armu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce musu, "Ɗiyarku na kwance asibiti, ku kuna nan?"

Ran da aka kwance bandeji na buɗe idon a hankali, sai na ga fuskokin matan nan tar. Haleluya! Yakubu bai iso ba sai bayan an sallame ni. Ashe can wata hanya mai nisa aka mai da su, ba wanda zai aiko. Ya zauna bakin gado yana duban tabon.

Iyaye mata, don Allah kada ku toshe lemo ko zoɓo a filas ku bar shi ya kwana. Wanda kuma yake zaune a ɗaki shi kaɗai yana ganin an manta da shi, ya buɗe baki ya kira Yesu. Ni addu'ata ba ta da tsawo, amma ya ji, ya amsa. Da idon nan nake karanta Maganarsa har yau. Godiya ta tabbata ga sunansa. Amin.