Kaburburan da Ke Cikin Tabulet

MOFFAT: Halo? Halo, Nester? Kina ji na?

NESTER: Kawu Moffat! Ina kwana?

MOFFAT: Lafiya lau. Kin tashi lafiya? Ya Honiara, ya aiki?

NESTER: Da godiya. Ya mutanen gida? Ya ƙafar Inna Lavinia?

MOFFAT: Da sauƙi, jiya ma har gona ta je ta haƙo gwaza. Ya maigidan naki, ya yara?

NESTER: Duk lafiya. Ya ruwa a Isabel?

MOFFAT: Ruwa ya yi gyara. To... madalla. Madalla.

NESTER: Kawu, wannan hakin da kake yi fa?

MOFFAT: Tudun bayan coci na hau, kin san nan kaɗai ake samun layi.

NESTER: Wannan rugugin kuma? Injin jirgi ne?

MOFFAT: Katafila ce.

NESTER: Me ka ce?

MOFFAT: Katafilar 'yan katako. Tun da safe ta ƙetare rafi.

NESTER: Ta ƙetare rafi? Ba an ce sai bayan Kirsimeti ba? Wa ya ba su izini?

MOFFAT: Nester, katin da ke wayar nan ba shi da yawa.

NESTER: Kawu, wa ya sa musu hannu?

MOFFAT: Mu huɗu ne. Sun ce za su yi wa makaranta rufi. Ki bari in na gama ki zage ni son ranki, yanzu dai ki saurara. Malamin daji ya zo, yana ƙasa tare da shugaban leburorinsu. Ya ce duk kabarin da muka nuna masa zai ɗaura jan ƙyalle, hanya ta kauce. Wanda ba mu nuna ba, ba ruwansa.

NESTER: To ka nuna masa mana!

MOFFAT: Biyu na sani. Shekarata ashirin a jirgin kamun kifi, ina na san dajin nan? Ya rufe ruf. Tun da kakarki Ethel ta rasu babu mai iya kai mu. Ke ce kika bi ta bara da 'yar rawayar na'urar nan.

NESTER: GPS ɗin. Wuri goma sha ɗaya muka sa wa alama, har da idon ruwa. Na bar maka shi a akwati.

MOFFAT: Ga shi a hannuna. Na kunna, wayam, ba komai.

NESTER: Wayyo Allah! Na kwashe su na zuba a tabulet, don kada su ɓace. Yana wurinka?

MOFFAT: Allon? Ga shi. In tafi da shi kawai?

NESTER: Ba ya nuna hanya, ajiya kawai yake yi. Sai mun mayar da fayil ɗin cikin GPS. Kashe in kira ka.

MOFFAT: Kul! Sau tara na gwada kafin ya shiga.

NESTER: To. Ina wayar?

MOFFAT: Ga ta a kunnena.

NESTER: Ba wannan ba! Baƙar wayar da ake haɗa su da ita, gajeriya, mai kai biyu.

MOFFAT: Au, igiyar. Innarki ta ara wa matar fasto, ita kuma ta tafi Buala da ita.

NESTER: Kai, jama'a! Shi ke nan, memori za mu yi amfani da shi. Cajin tabulet nawa ya rage?

MOFFAT: Bari in sa tabarau... bakwai.

NESTER: Saba'in?

MOFFAT: Bakwai, Nester. Ya yi ja.

NESTER: To yi sauri. Kashe GPS, juya bayansa, murɗa zoben ƙarfen nan, cire batir duka biyu. A ƙarƙashinsu akwai ɗan kati.

MOFFAT: Na ce miki katin ya kusa ƙarewa.

NESTER: Ba katin waya ba, Kawu! Ɗan baƙin abu kamar farcen jariri, ƙarƙashin batir!

MOFFAT: Na gan shi. Tabɗi, wannan ɗan mitsitsin? Ya ƙi fitowa.

NESTER: Tura murfin gefe tukuna, sannan ka ɗaga. A hankali.

MOFFAT: Ya fi... ash!

NESTER: Me ya faru?

MOFFAT: Ya faɗi.

NESTER: Ina?

MOFFAT: Cikin ciyawa.

NESTER: Kada ka motsa ƙafarka! Kawu? Halo? Kawu!

MOFFAT: Ina nan, na durƙusa. Ina lalube a ciyawar. Tsaya... ga shi, ya maƙale a yatsan ƙafata.

NESTER: Hura shi. A gefen tabulet akwai 'yar tsaga, tura shi ciki, gefen mai ruwan zinare yana kallon ƙasa.

MOFFAT: Ya shiga. Wani rubutu ya fito. Wai katin nan yana buƙatar gyara, in share shi? Akwai i, akwai a'a. In danna i?

NESTER: A'a!

MOFFAT: Layin yana yankewa. I kika ce?

NESTER: A'A! A'A, Kawu! In ka share shi taswirar GPS ɗin duka ta tafi!

MOFFAT: To, to, na ji, kada ki fasa min kunne. Na danna a'a.

NESTER: Ka tabbata?

MOFFAT: Ni ba yaro ba ne.

NESTER: Nemi hoton jaka mai ruwan ɗorawa, buɗe. Akwai fayil mai suna Kaka Ethel.

MOFFAT: Akwai hotunan bikinki... ga na mawaƙan coci... ga ta. Sunanta kika sa.

NESTER: Ɗora yatsa a kai, ka riƙe, kada ka saki. Zai tambaye ka.

MOFFAT: Wai in kwafa ko in matsar.

NESTER: Kwafa. Sai ka zaɓi katin. A cikinsa akwai jaka mai haruffa uku, G, P, X.

MOFFAT: S?

NESTER: X! Kamar gicciye ya kwanta.

MOFFAT: Na gani. Kin ji wannan?

NESTER: Na ji. Mene ne?

MOFFAT: Bishiya ce ta faɗi. Babba ce, har nan ƙasa ta girgiza.

NESTER: Ba za su jira ku ba?

MOFFAT: Shugaban leburorin ya ce shi da awa ake biyan injinsa, in mun shirya mu same shi. Caji ya koma uku.

NESTER: Danna ajiye! Me ya rubuta?

MOFFAT: Wani zobe yana ta juyawa.

NESTER: Kada ka taɓa komai.

MOFFAT: Yana ta juyawa... Nester, ranar da kuka shiga dajin nan kakarki ta ce in zo, na ce ina gyaran kwalekwale. Tsohuwa da sanda, ta yi kwana biyu tana hawan dutse, ni ina bakin ruwa ina...

NESTER: Kawu, allon. Dubi allon.

MOFFAT: Ya mutu.

NESTER: Ya mutu? Kafin ya gama ko bayan ya gama?

MOFFAT: Ban sani ba. Na ɗauke ido.

NESTER: Cire katin. Mayar da shi inda ka ɗauko, rufe murfin, sa batir. Ka lura da kawunansu.

MOFFAT: Na sa. Na kunna. Yana neman taurarinsa.

NESTER: Ɗaga shi sama, ka fita daga ƙarƙashin kwakwa. Yanzu danna maɓallin nema, ka shiga wurin alamomi.

MOFFAT: Babu ko... tsaya. Tsaya! Ga su suna fitowa! Idon ruwa. Dutsen kakanni. Kabarin tagwaye. Kabarin Sisilia...

NESTER: Ƙirga su!

MOFFAT: Tara, goma, sha ɗaya. Sha ɗaya cif!

NESTER: Allah na gode maka! Wanda ya fi kusa da kai shi ne a sama. Wanne ne?

MOFFAT: Sisilia. Mahaifiyar kakarki.

NESTER: Danna shi, kibiya za ta fito. Lamba nawa ke ƙarƙashinta?

MOFFAT: Mita ɗari shida da goma.

NESTER: Ina ta nuna?

MOFFAT: Nester...

NESTER: Ina ta nuna, Kawu?

MOFFAT: Inda ƙarar take. Daidai wurin.

NESTER: Sauka! Ka ja malamin dajin da hannu, ko takalmi kada ka bari ya tsaya sakawa!

MOFFAT: Lavinia! Lavinia! Buga ƙararrawar coci! Kowa ya fito, mata su yi gaba, su zauna a gaban injin nan!

NESTER: Ka riƙe GPS ɗin a kwance kamar faranti, in ba haka ba kibiyar za ta ruɗe. Ba za ka ga kabari kamar na coci ba, duwatsu ne guda biyar a jere, da jan fure a...

MOFFAT: Jan me? Ina gangarawa, layin zai...

NESTER: Jan fure! Kaka ce ta dasa da hannunta! Kawu, in ka ga jan furen ka tsaya a kansa, kada ka matsa ko sun... Halo? Kawu Moffat? Halo?